Minti ashirin da safe, biyar da dare: yadda ɗan Katolika zai riƙe Littafi Mai Tsarki da waliyyai kullum

Yawancin masu niyyar karanta Littafi Mai Tsarki kullum suna farawa ne daga shafin farko a watan Janairu. Farawa takan tafi daidai, Fitowa ma haka, sai a shiga Littafin Firistoci da dokokin hadaya da na kuturta, gwiwa ta yi sanyi, kafin ruwan farko ya sauka littafin ya koma kan kabad yana shan ƙura. Ba ƙarancin bangaskiya ke kawo haka ba, rashin tsari ne. Ikilisiya ta riga ta raba Maganar Allah kwana-kwana, ta kuma jera waliyyai a kalandarta, don kada kowa ya sha wahalar ƙirƙiro nasa. Abin da ya rage wa mutum shi ne ya ɗauki rabon ranar, ya tsaya a kansa har ya kai shi ga aikata wani abu kafin rana ta faɗi.

Kayan da ake bukata

Abu uku ne: Littafi Mai Tsarki cikakke, kalandar karatun Mas, da ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta.

Kafin ka biya kuɗin Baibul, buɗe shafin jerin littattafai ka ƙirga. Na Katolika littattafai 73 ne, 46 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo. Wanda ya fi yawa a kasuwa 66 ne, babu Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabiyawa na ɗaya da na biyu, babu kuma wasu sassa na Esta da Daniyel. In mai 66 ne a hannunka, kada ka ajiye shi. Zai ɗauke ka mafi yawan kwanakin shekara. Sai dai ranar da karatun farko ya faɗa kan Sirak ko Hikima za ka neme shi ka rasa, to ranar ka tsaya kan Zabura da Bishara, ko ka ari na katakis.

Kalandar karatu kuwa a nemi ta dayosis ɗinku, wato yankin da bishop ɗinku ke kula da shi, wadda ake sayarwa a ƙofar coci ƙarshen shekara. Manhajojin waya suna da amfani, amma da yawansu kalandar Amurka ko Ingila suke bi, kuma ƙasashe sun bambanta a wasu bukukuwa. A Najeriya, misali, ranar 1 ga Oktoba bikin Maryamu Sarauniyar Najeriya ne, alhali manhajar waje za ta nuna maka Waliyyiya Teresa ta Lisiyo kaɗai.

Yana da kyau a san yadda karatun yake juyawa. Na Lahadi shekara uku yake ɗauka: shekarar A ta Matiyu ce, B ta Markus, C ta Luka, Yohanna kuma yana shigowa musamman lokacin Azumi da na Ista. Lissafin mai sauƙi ne. Raba lambar shekara da uku. In ba saura C ce, in saura ɗaya A, in biyu B. Ke nan 2025 C, 2026 A, 2027 B. A tuna shekarar ikilisiya tana farawa Lahadi huɗu kafin Kirsimeti, don haka Disamba ta riga ta shiga lissafin shekara mai zuwa. Na ranakun mako shekara biyu ne, kuma a makonnin da Fada ke sa koriyar riga karatun farko da Zabura ne kawai ke canzawa tsakanin shekarun biyu. Bisharar ɗaya ce kowace shekara: Markus daga mako na 1 zuwa na 9, Matiyu na 10 zuwa na 21, Luka na 22 zuwa na 34. Wanda ya bi Bisharar ranar kawai, a shekara guda ya ratsa mafi yawan rayuwar Yesu a jere.

Akwai tarko ɗaya da ke rikita masu farawa. Lambobin Zabura iri biyu ne, na Ibrananci da na tsohuwar fassarar Girkanci da Latin, kuma a yawancin Zabura ratar ɗaya ce. Zaburar makiyayi ita ce ta 23 a Baibul ɗinka, amma wasu littattafan Mas suna rubuta 22. In abin da ka buɗe bai yi daidai da amshin da aka rera ba, ƙara ɗaya. Haka Yowel 3:1-5 a wasu bugu shi ne 2:28-32, Malakai 3:19-24 kuma 4:1-6.

Minti ashirin na safe

Lokacin ya zama ɗaya kullum, wurin ma ɗaya. A garuruwan Arewa kiran sallar asuba ya riga ya tashi unguwa, kuma tsakaninsa da tashin yara akwai shirun da ba a sake samu sai dare. Wanda ke aikin dare ko mai shayarwa ya zaɓi wani lokacin, muddin ya tsaya a kansa. Waya a kashe mata data, ko da a cikinta ake karatun, domin saƙo ɗaya ya isa ya cinye mintunan duka.

Tsarin da za a bi tsoho ne. Wani ɗan zuhudu mai suna Gigo, a ƙarni na 12, ya jera shi hawa huɗu: karatu, tunani, addu'a, natsuwa. Fafaroma Benedict na 16, a wasiƙarsa ta 2010 kan Maganar Allah, ya tunatar cewa abin bai cika ba sai ya kai ga aiki.

Fara da alamar gicciye, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya buɗe maka zuciya. Minti ɗaya ya isa. Sai ka karanta Bisharar ranar sau biyu, da murya ƙasa-ƙasa yadda kunnenka zai ji. Karatun zuci yana gudu, ido yakan tsallake abin da yake ganin ya sani. A karo na farko ka lura da waye ke magana, da wa, a ina, me ya faru kafin nan. A na biyu ka jira kalma ko jimlar da za ta tsaya maka, ko ta yi maka daɗi ko ta sosa maka inda ke ciwo. Wannan ya ci minti biyar.

Minti bakwai na gaba na wannan jimla ce ita kaɗai. A maimaita ta a hankali kamar yadda ake tauna goro, ba a haɗiye shi ɓari guda. Tambayoyi biyu sun isa: me wannan ke nuna mini game da Allah, kuma ina ya taɓa rayuwata a yau ɗin nan?

Ɗauki Luka 19:1-10, labarin Zakka, wanda ake karantawa ranar Talata ta mako na 33. Shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, mai kuɗi, gajere, ya hau itace don ya hango Yesu. Mai gaggawa zai ce darasin shi ne a nemi Yesu da himma, ya rufe littafi. Wanda ya zauna zai ga cewa Yesu ne ya fara ɗaga kai, ya kira shi da sunansa, ya gayyaci kansa gidan mutumin da gari ke ƙi, tun kafin Zakka ya yi alkawarin komai. Zai kuma ga cewa tuban Zakka da lissafi ya zo: rabin dukiya ga matalauta, ninki huɗu ga wanda ya cuta. Daga nan tambayar ba ta da wurin ɓuya. Mai awo ya tuna mudun da aka buga wa gindi. Ma'aikaci ya tuna takardar wani da ya danne a aljihun tebur yana jiran na goro. Uwar gida ta tuna kuɗin yarinyar aiki da wata ya mutu ba a ba ta ba.

Sai addu'a, minti huɗu, da bakinka da kalmominka, a kan abin da ka gani. In kunya ce ka faɗe ta, in tsoron asara ne ka faɗe shi. Bayan haka minti biyu ka yi shiru a gaban Allah ba ka neman komai. Minti na ƙarshe na biro ne: rubuta kwanan wata, ayar, da abu ɗaya da za ka yi yau. Nan ne da yawa ke zamewa, sai su rubuta "zan ƙara ƙauna" ko "zan zama mai gaskiya". Wannan ba ya ɗaure kowa. A rubuta abin da da dare za a iya cewa an yi ko ba a yi ba: "zan biya ta kuɗinta kafin azahar", "zan kira ƙanina da muka yi wata uku ba ma magana".

Inda waliyyai suke shigowa

Waliyyi mutum ne da wata aya ta kama, ya bi ta har ƙarshe, shi ya sa karanta rayuwarsa ke buɗe ayar. Antoni na Masar ya shiga coci yana saurayi mai gado, ya ji ana karanta Matiyu 19:21, inda Yesu ya ce wa mai dukiya ya sayar da abin da yake da shi ya ba matalauta, ya fita ya yi hakan. Ana tuna shi 17 ga Janairu. Agustin, ɗan Tagaste a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, Romawa 13:13-14 ce ta yanke masa shakka a Milan a 386, aka yi masa baftisma a 387. Teresa ta Lisiyo, wadda ta rasu a 1897 tana da shekara 24, a 1 Korintiyawa sura 12 da 13 ta gane cewa kiranta shi ne ƙauna.

Kalanda takan nuna waliyyi kusan kowace rana, kuma ba a bukatar a bi su duka. Bayan karatun safe, in akwai waliyyin ranar, a karanta sakin layi ɗaya na tarihinsa, a tambaya: wane hali nasa ne Bisharar yau ta bayyana? Minti biyu ke nan. In tunawarsa ta faɗo ranar Lahadi, Lahadi ce ke gaba, a bar shi sai baɗi. Abin da ya fi wannan tasiri shi ne a riƙe waliyyai biyu ko uku na dindindin, a san su sosai: na sunan baftisma, na cocin da ake zuwa, da wanda rayuwarsa ta yi kama da halin da mutum ke ciki.

A na ukun nan Afirka ba ta rasa ba. Matar da ɗanta ya bar coci, ko mijinta mai zafin rai ne, ta san Monika, mahaifiyar Agustin, 27 ga Agusta. Shekaru ta yi tana kuka da addu'a, mijin ya karɓi baftisma kafin ya mutu, ɗan kuma ta ga tubansa da idonta kafin ta rasu. Matashin da mai iko ke matsa wa ya sayar da mutuncinsa ya san Charles Lwanga da abokansa, shahidan Uganda 22, da yawansu yaran fadar Sarki Mwanga ne da suka ƙi biya masa bukatarsa ta lalata. An ƙone Lwanga a Namugongo ranar 3 ga Yuni 1886, Kizito kuma, ƙaraminsu, bai wuce shekara 14 ba. Wanda aka zalunta yana fama da yafiya ya san Josefin Bakhita, 8 ga Fabrairu, 'yar Darfur da aka sace tana yarinya, aka sayar da ita hannu zuwa hannu, aka tsattsaga mata jiki, ta ƙare rayuwarta a 1947 tana sista mai girki da tsaron ƙofa a Italiya, ba ta riƙe kowa a zuciya ba. Katakis da masu hidimar ƙauyuka suna da Mai Albarka Cyprian Tansi na Aguleri, 20 ga Janairu, wanda Fafaroma Yohanna Bulus na biyu ya ɗaga zuwa wannan matsayi, wato matakin da ke kafin na waliyyi, a ziyararsa ta Najeriya a 1998.

Akwai kuma wanda ya kamata a fi saninsa a ƙauyukanmu, Mai Albarka Benedict Daswa na Afirka ta Kudu, shugaban makaranta, uban 'ya'ya takwas. Tsawa ta yi ta ƙone ɗakuna a garinsu, aka yanke kowa ya ba da kuɗi a kira boka ya nuno mayen da ya jawo ta. Ya ƙi ba da ko sisi, domin ya san za a nuna marar laifi ne. Suka tare shi a hanya suka kashe shi ranar 2 ga Fabrairu 1990. Duk inda ake nuna tsohuwa ko maraya da yatsa a ce su ne mayu, ga wanda za a karanta wa jama'a labarinsa.

Yadda ake roƙonsu ma yana bukatar gyara a bakin mutane da yawa. Sujada ta Allah ce shi kaɗai. Waliyyi ana girmama shi, ana kuma ce masa "yi addu'a dominmu", kamar yadda Yakubu 5:16 ta ce a yi wa juna addu'a. Ru'ya ta Yohanna 5:8 ta nuna dattawa a sama riƙe da tasoshin turare, wato addu'o'in tsarkaka. Matsakanci ɗaya ne, Yesu Almasihu, 1 Timoti 2:5, kuma addu'ar waliyyi ta wurinsa take bi. Maƙwabci Musulmi ko ɗan'uwa na wata ɗarika zai tambaya game da siffofin da ke coci, kuma tambaya ce mai kyau da ta cancanci amsa cikin natsuwa: tun taron Nikiya na biyu a 787 ikilisiya ta bayyana cewa girman da ake ba hoto yana wucewa ne zuwa ga mai hoton. Amma amsar ba za ta karɓu ba in halinmu ya ƙaryata ta. Wanda ya ɗaura wa jariri lambar waliyyi a ƙugu da tunanin ƙarfen ne ke korar maita, ya mai da ita laya. Saƙon WhatsApp da ke cewa a tura addu'ar nan ga mutum goma ko masifa ta biyo baya camfi ne, a goge shi.

Tsakar rana, yamma da dare

Addu'ar Mala'ikan Ubangiji, ƙarfe shida na safe, sha biyu na rana da shida na yamma, ba ta kai minti biyu ba, kuma kusan dukanta daga Luka 1 da Yohanna 1:14 aka ɗauko ta. Ta rana ita ce mafi amfani ga mai aiki: bayan ta, a tuna ayar safe, a duba ko an yi abin da aka rubuta. Kwana hamsin na Ista ana maye gurbinta da addu'ar Sarauniyar Sama.

Rosari na iyali da yamma yakan ci minti ashirin. Asiran farin ciki Litinin da Asabar, na baƙin ciki Talata da Jumma'a, na ɗaukaka Laraba da Lahadi, na haske, waɗanda aka ƙara a 2002, ranar Alhamis. Gidan da ke da ƙananan yara ya yi goma ɗaya kawai, a fara da karanta ayoyin asirin, misali Yohanna 2:1-11 don bikin Kana, sannan Ubanmu ɗaya, A gaishe ki Maryamu goma, Ɗaukaka ɗaya. Goma ɗaya da yara suka ji labarinta ta fi biyar da aka yi a guje rabin gida na gyangyaɗi. A yi shi kafin tuwo. Bayan an ƙoshi barci ne ke jagora.

Minti biyar na dare na binciken zuciya ne, bisa tsarin Waliyyi Ignatiyus na Loyola. A gode wa Allah kan abubuwa takamaimai na ranar. A roƙi haske. A bi ranar daga tashi zuwa yanzu, sa'a bayan sa'a, har da abin da aka rubuta da safe. A nemi gafara. A ƙudura gyara na gobe, a rufe da Ubanmu. Kada a tsallake godiyar a faɗa kan laifuffuka kai tsaye, domin mai yin haka cikin 'yan makonni yakan gaji da tuhumar kansa ya daina. Laifin da ya yi ta maimaituwa a littafin rubutu shi ne za a kai wurin Fada ranar furta zunubi. Dokar ikilisiya sau ɗaya ce a shekara ga mai zunubi mai nauyi, amma sau ɗaya a wata ya fi dacewa da mai wannan tsari.

Abubuwan da ke ɓata tafiyar

Na farko shi ne ramuwa. An rasa kwana huɗu, sai a ce ranar Asabar za a biya duka, abin ya yi nauyi, a bari gaba ɗaya. Ba bashi ba ne. A buɗe karatun yau a ci gaba. Ranar da ta cushe, ko lokacin shuka da girbi, a rage zuwa minti biyar, Bishara sau ɗaya da aya ɗaya a tafi da ita gona, amma kada a sauke zuwa babu.

Na biyu, buɗe Baibul ido rufe a ɗora yatsa don a san ko a yi tafiya ko a auri wance. Wannan duba ne da aka sa wa rigar addini. Masu kafa hujja da Agustin, wanda ya buɗe littafi ya karanta ayar da idonsa ya fara sauka a kanta, su tuna ya daɗe yana sauraron wa'azin Bishop Ambros yana kuma nazarin wasiƙun Bulus kafin ranar.

Na uku, mai da Zabura makami. Zabura 109 cike take da la'ana, wasu kuma suna karanta ta da sunan kishiya ko abokin gaba. Ikilisiya da kanta ta cire ta, tare da ta 58 da ta 83, daga addu'ar sa'o'i da Fada da sista ke yi kullum. Mai ciwon zalunci ya kai kukansa ga Allah ba ɓoye-ɓoye, Zabura ta koya mana hakan, amma ya karanta ta tare da Matiyu 5:44, inda aka umarce mu mu yi wa masu tsananta mana addu'a.

Bushewar zuciya kuwa, ranakun da ake karatu ba a jin komai, ba alamar kuskure ba ce, kuma ba dalilin canza tsari ba ne. A cika mintunan, a rubuta ayar ko da ba ta motsa komai ba.

Rashin iya karatu ma bai hana kowa ba. Jika ɗan firamare ya karanta wa kaka Bisharar sau biyu, ita ta faɗi abin da ta ji, shi ya rubuta. Sau da yawa tunaninta zai fi na masu takarda zurfi. A taron Zumuntar Mata Katolika ko na unguwa, a ware minti goma sha biyar a karanta Bisharar Lahadi mai zuwa, kowa ya faɗi jimla ɗaya ba tare da gardama ba. A ƙauyen da Fada ba ya zuwa sai bayan makonni, wannan da hidimar katakis su ne abincin jama'a.

In aka ci karo da aya mai wuya, irin yaƙe-yaƙen Joshuwa ko maganar Yesu a Luka 14:26 kan ƙin uba da uwa, kada a yanke hukunci a zaune, kada kuma a nemi amsa wurin kowane mai wa'azi a intanet. A karanta surar duka daga farko, a duba bayanin ƙasan shafi in Baibul ɗin yana da shi, a sa alamar tambaya a littafin rubutu. Ranar Lahadi bayan Mas a tari katakis ko Fada da littafin a hannu, a nuna masa sura da aya.